Kafin Maigida Ya Sayo Tsohuwar Jif: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

Na san wata za ta ce ina ruwan uwargida da zancen mota, ai wannan magana ce ta maza da makanikai. Ni ma haka nake gani a da, har sai wani dare a shekarar 2022 da maigidana ya zaunar da ni bayan sallar isha'i, ya ce, "Maman Aisha, ina son ki ara mini kuɗin adashinki in cika, na ga wata jif." Tun daga ranar na gane cewa motar gida ta kowa ce a gidan, domin kuwa in ta kwanta a gareji, tukunyar uwargida ce take fara jin jiki.

Mu dai larura ce ta kai mu. Inna, mahaifiyar maigidana, tana zaune a ƙauye mai nisa da kwalta, kuma da zarar damina ta kankama hanyar takan zama laka zalla. Akwai ranar da ciwonta ya tashi, ƙaramar motarmu ta maƙale a tsakiyar hanya, sai a amalanke aka fito da ita bakin titi. Abin da muka koya daga wannan ciniki shi nake son in raba da ku.

Ba kowace doguwar mota ce ke jan taya huɗu ba

Yawancin ƙananan motoci tayoyi biyu ne kawai inji yake juyawa, sauran biyun suna bi ne. Ita kuwa wadda makanikai suke kira "fowil", inji yana iya tura ƙarfi ga tayoyin huɗu gaba ɗaya, ta yadda in biyu suna santsi a laka ko yashi, sauran za su ja ta. A tsofaffin irinsu za ki ga ƙaramar sandar giya ta biyu, ko maɓalli, da alamomin 2H da 4H da 4L. Ta farko ta tafiyar kwalta ce, ta biyu ta laka da burji mai santsi, ta uku kuma ta hawa mai tsauri ko fita daga inda aka maƙale, a hankali.

Sunayen da aka fi ji a wajenmu su ne Land Cruiser da Prado da Hilux da 4Runner na kamfanin Toyota, da Pathfinder ta Nissan, da Pajero ta Mitsubishi, wadda aka fara ƙerawa a 1982 aka daina a 2021. To amma fa a lura, da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka, kamar 4Runner da Pathfinder da Highlander, akwai masu jan taya huɗu, akwai kuma waɗanda tun daga kamfani masu jan biyu ne, alhali a ido duk kamarsu ɗaya.

Shin muna buƙatarta kuwa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ki yi wa maigida cikin ladabi kafin a je ga batun farashi. In zirga-zirgarku ba ta wuce makarantar yara da kasuwa da gidan biki a cikin gari ba, to nauyi kawai za ku ɗauka. Tsohuwar jif mai silinda shida takan sha kusan ninki biyu na man da ƙaramar mota take sha, tayarta ta fi tsada, baƙin man da take ci ya fi yawa, kayan gyaranta ma haka.

Lokacin da muka sayi tamu, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, kuma kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama. Ki lissafa da kanki: tanki mai cin lita 80 a kan naira 1,000, naira 80,000 ke nan a ciko ɗaya. Duk gidan da ya sayi irin wannan mota don a gani a faɗa, ya ji a jikinsa.

Ranar duba mota

Motar farko da dillali ya nuna wa maigidana kyan ɗan maciji ne da ita: fenti yana ƙyalli, kujeru kamar ba a taɓa zama a kai ba, kuɗinta kuma da sauƙi. Allah Ya taimake mu ya tafi da wani dattijon makanike da ya daɗe da sani. Da aka hau da ita kan rami, dattijon ya leƙa ƙarƙashi ya fito yana girgiza kai, ya ce, "Malam, wannan ai jif ce a ido kawai." Ashe an cire furofelar gaba, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba, domin a ɓoye lalacewar da ke ciki. Da mun biya, da tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Saboda haka ki tunatar da maigida waɗannan abubuwa. Na farko, ya tafi da makanikensa, ban da wanda dillali ya kawo, kuma a je da safe kafin a ɗumama injin, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Hayaƙi mai shuɗi alama ce ta inji yana cin baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ko baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara, alama ce ta ruwa yana shiga inda bai kamata ba.

Na biyu, a leƙa ƙarƙashi. Motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka da Turai, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa takan ci shasinsu. Tsatsar bodi ana gyarawa, amma shasin da ya rube haɗari ne ga rai. A duba ko akwai walda ko lanƙwasa da ke nuna an taɓa mummunan haɗari, a kuma duba ko an cire matatar hayaƙin nan ta jikin salansa da makanikai suke kira "indomi", domin ana cire ta a sayar.

Na uku, a ɗaga kafet a shinshina. Warin danshi, ko busasshiyar laka a ƙarƙashin kujera, yana nuna ambaliya ta taɓa cinye motar, kuma irin wannan ba ta rabuwa da matsalar waya. Na huɗu, a fita da ita kan ƙasa ko yashi a sa 4H da 4L a gani da ido. Na biyar, kada a ruɗu da lambar tafiyar da agogo ya nuna, domin ana iya mayar da ita baya. Sannan motar Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wato mil 150,000 ya kai kilomita 240,000.

Takardu da shaidu

Ko 'yar Kwatano ce ko wadda aka yi amfani da ita a gida, a nemi takardar biyan kuɗin kwastan, a kuma tabbatar da ita a ofishinsu. Yawancin motocin zamani suna da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, sai a gwada ta jikin mota da ta takarda, su zo daidai. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a sauya sunan mai mota, a yi inshora ta gaskiya. Mafi ƙanƙantar inshorar motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa mai saye yana da damar mayar da kaya in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa, to amma karɓo kuɗi daga hannun wanda ya riga ya kashe su ba ƙaramin aiki ba ne. Kuma ke 'yar uwa, in kuɗinki ko gwal ɗinki zai shiga, ku fayyace tun farko, rance ne ko kyauta ko tarayya, ku rubuta. Yin haka yana tsare zumunci.

Bayan ta shigo gida

Kada a zuba duk abin da ake da shi a kan saye. A ware wani abu na gyaran farko: sabon baƙin mai da matatarsa, man giya, man birki, man akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, da man aksul biyu. In injin mai bel ɗin taimin ne kuma ba a san ranar da aka sauya shi ba, a sauya, domin a wasu injina tsinkewarsa yana lalata injin baki ɗaya.

Ni na ware littafi irin na ɗalibaina, ina rubuta ranar kowane gyara da lambar agogo da kuɗin da aka kashe, muna kuma jefa wani abu a asusun mota duk wata. A ƙura da zafi irin namu, juyen baƙin mai duk kilomita 5,000 shi ne kwanciyar hankali, a riƙa duba matatar iska musamman da hunturu. Lagireto kuma a zuba masa ruwansa na musamman, domin ruwan rijiya yana kawo tsatsa da toshewa.

Tayoyin huɗu su zama girma ɗaya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2322 yana nufin mako na 23 na shekarar 2022. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai goge ba, tana iya fashewa a zafin kwalta. Motar da ake sa mata fowil da hannu kada a bar ta a 4H a kan busasshiyar kwalta, yana cin ƙarafunan ciki, amma yana da kyau a sa shi a kan ƙasa ko sau ɗaya a wata don mai ya zagaya. In an ratsa ruwa mai zurfi, a duba man aksul.

Don lafiyar 'ya'yanmu

Jan taya huɗu yana taimakawa wajen tafiya, amma ba ya ƙara wa birki ƙarfi. Doguwar mota ta fi saurin kifewa a kwana, balle an lafta mata buhuna a sama. Yara su zauna a baya da bel, kada a zuba su a wurin kaya. Kada a yarda a shiga ruwa mai gudu don ana taƙama da jif. Sannan in tana ajiye a gida a kulle ta, a ɗauke makullin, domin an sha jin labarin yaran da suka shiga mota suna wasa, ƙofa ta rufe, zafi ya hallaka su.

Motar da muka saya daga baya ba ta kai ta farko kyau ba, amma shasinta lafiya lau, takardunta cikakku. Tun da mai ya yi tsada ba kullum muke tayar da ita ba, ni a adaidaita sahu nake zuwa Islamiyya. Amma a daminar bara da ciwon Inna ya sake tashi da tsakar dare, har ƙofar ɗakinta motar ta je, kafin asuba tana gadon asibiti. Kuɗin adashina kuwa, maigida ya biya ni su cif, kamar yadda muka rubuta.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya sa albarka a abin hawanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.