Rashin Sanin Abu Ba Sanin Rashinsa Ba Ne

Daga cikin kurakuran da suka fi saurin shigar ɗalibin ilimi akwai ɗaukar iyakar abin da ya sani a matsayin iyakar abin da ya tabbata a Shari'a. Sai ya riski ruwaya ɗaya, ko ya ga malaminsa a kan aiki ɗaya, ya yanke cewa duk abin da ya saɓa wa wannan ba shi da asali. Malaman Usulu sun bambance tsakanin cikakken istiƙra'i, wanda aka bibiyi dukkan ɗaiɗaikun mas'ala a cikinsa, da tauyayye, wanda iyakar abin da yake haifarwa shi ne rinjayen zato.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Umar ɗan Khaɗɗabi (RA) ya ji Hishamu ɗan Hakim yana karanta Suratul Furƙan a salla ba yadda Annabi (SAW) ya karantar da shi ba. Da ƙyar ya daure har ya yi sallama, sannan ya shaƙe shi da mayafinsa ya kai shi gaban Annabi. Annabi ya saurari kowannensu, ya tabbatar da karatun duka biyu, ya bayyana cewa an saukar da Alƙur'ani a kan haruffa bakwai. Abin lura a nan shi ne hujjar Umar ingantacciya ce, domin daga bakin Annabi ya karɓa. Inda aka sami giɓi shi ne zaton cewa abin da ya karɓa shi kaɗai aka saukar.

Haka Nana A'isha (RA) ta musanta cewa Annabi ya taɓa yin bawali a tsaye, alhali Huzaifa (RA) ya gan shi ya yi hakan a jujin wasu mutane. Ibnu Hajar, a Fathul Bari, ya ɗora maganarta a kan abin da ta sani a cikin gida. Irin wannan ne ya sa ake gabatar da mai tabbatarwa a kan mai korewa, saboda yana ɗauke da ƙarin ilimi.

Mas'alar ba ta yi nisa da mu ba. A ƙasar Hausa ruwayar Warshu (ya rasu 197 bayan Hijira) daga Nafi'u ita aka gada a makarantun allo, yayin da ruwayar Hafsu daga Asimu ta yaɗu ta hanyar bugaggun mus'hafai da makarantun Islamiyya. Warshu yana karanta kalmar farko ta ayar Ranar Sakamako a Fatiha ba tare da jan mimun ba, Hafsu kuwa yana ja, kuma dukkansu mutawatirai ne. Duk da haka akan sami matashin da bai san komai ba sai Hafsu ya ɗaga murya daga sahu yana yi wa alaramma gyara, a zatonsa lahani ya ji. Ya ɓata wa liman karatu, ya kuma ƙaryata ƙira'a tabbatacciya bai sani ba, wanda shi ne ya fi muni.