Asalin Ƙungiyar Tamaula Ta Kano, Da Rabon Haɗejia A Ciki



Akwai wata magana da ke yawo a bakin samarinmu masu sha'awar tamaula, watau ƙwallon ƙafa, tun daga Haɗejia har Malam Madori da Kafin Hausa, wai ƙungiyar Kano Pillars ita ce ta ciwo Kofin Gwamna a Ikko cikin shekarar 1953. Har a cikin waɗansu jerin sunayen zakaru haka aka rubuta. To, wannan magana tana da gyara, gama ba a kafa Pillars ba sai a 1990, shekara 37 bayan an ciwo wancan kofi. Saboda haka muka ga ya kamata mu warware zaren tun daga bakinsa, domin a san ƙungiyoyin da suka rigaya, a san abin da ya kashe su, kana mu duba tamu a gida ko ita ma tana kan wannan hanya. Waiwaye, in ji masu magana, adon tafiya ne.

Kada wani ya ce ina ruwan mutumin Haɗejia da labarin Kano. A 1953 ƙasar Haɗejia tana cikin Lardin Kano ne, ita da Gumel da Kazaure, Sarkin Haɗejia Haruna kuwa yana da shekara uku bisa gadon sarauta. Da aka yanka jihohi a 1967 muka zauna cikin Jihar Kano, ba mu fita ba sai ran 27 ga Agusta, 1991, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ke nan duk ƙungiyar da ta ɗauki sunan Kano kafin wannan rana, da sunanmu ta fita fage, nasararta da faɗuwarta duka muna da rabo a ciki.

Yadda wasan ya iso

Kakanninmu suna da wasanninsu, kokawa da dambe da langa da sukuwar dawaki. Tamaula irin ta mutum goma sha ɗaya baƙuwa ce. A birnin Landan aka tsara dokokinta a 1863, daga can ma'aikatan jirgin ruwa da 'yan mishan da 'yan kasuwa suka yaɗa ta ko'ina. Wasa na farko da aka rubuta labarinsa a Nijeriya an yi shi a Kalaba a 1904, tsakanin 'yan makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Thistle, 'yan makaranta kuwa suka yi rinjaye.

A nan Arewa ta ƙofa uku ta shigo: makaranta, da barikin soja, da reluwe tare da kamfanonin ciniki. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kawo akawuna da makanikai da masu awon gyaɗa daga Kudu da ƙasar Gwalkwas, suka zauna a Sabon Gari da al'adunsu, har da ƙwallo. A 1930 dogon ya kai Nguru, ya ratsa ƙasarmu ta Malam Madori da Birniwa. Hanyar da gyaɗa ke bi ta fita, ita baƙin abubuwa ke bi su shigo. Haka kuma yaran da aka tura Midil ta Kano sukan komo hutu da abin da suka koyo, na gida su gani su kwaikwaya, su ɗaure tsummoki su mai da su ƙwallo, su kafa duwatsu biyu a matsayin raga, in ruwa ya janye daga fadama ƙasa ta bushe.

Kofin Gwamna

A 1945 Gwamnan Nijeriya, Sir Arthur Richards, ya ba da kofi domin ƙungiyoyi su riƙa takara a kansa kowace shekara. Shi aka kira Kofin Gwamna. Shekara takwas a jere kofin bai bar Ikko ba. Ma'aikatan tashar jirgin ruwa, waɗanda ake kira Marine, su suka fara ɗauka a 1945, suka kuma a 1947. 'Yan Reluwe suka ɗauka a 1946 da 1948 da 1949 da 1951. Kamfanin UAC ya samu a 1950, 'yan wani banki mai suna Pan Bank a 1952. Mai karatu ya lura da waɗannan sunaye, zai ga dukkansu na wuraren aiki ne. Za mu komo kan wannan.

Sai shekarar 1953 ta kama, shekara mai nauyi ga Kano da Arewa baki ɗaya. A ƙarshen Maris Anthony Enahoro ya kawo batu a majalisar Ikko, cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa, Sardaunan Sakkwato na gabansu, suka ce a bari sai lokacin da ya dace. Da suka fito aka yi musu ihu da ature a titunan Ikko, suka komo gida ransu a ɓace. A watan Mayu tarzoma ta tashi a Kano tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu, aka kwana huɗu ana yi, mutum 36 suka rasa rayukansu bisa ƙidayar hukuma. A watan Disamba kuma Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu.

A cikin wannan shekara ce zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka sauka Ikko, suka kara da ƙungiyar Dynamos a wasan ƙarshe, suka ci biyu aka ci su ɗaya. Karo na farko ke nan da kofin ya fita daga Ikko, sai ga shi bai tsaya Ibadan ko Fatakwal ba, ya yiwo Arewa. Garin da aka yi wa manyan Arewa ihu, a nan aka miƙa wa Kano kofi a bainar jama'a. Da shekara ta kewayo suka sake kaiwa wasan ƙarshe, amma mutanen Kalaba suka karɓe shi.

Abin lura a nan shi ne, waccan ƙungiya sunan gari ta ɗauka. Akan tsinto gwanaye ne daga ƙananan ƙungiyoyin da ke cikin gari, a haɗa su wuri ɗaya su tsaya wa Kano, in takara ta ƙare kowa ya koma inda ya fito. Shi ya sa har yau ake tunawa da nasarar, ko da an manta da masu ita, gama gari ba ya mutuwa kamar yadda kamfani ke mutuwa.

Raccah Rovers

A 1972 aka soma gasar ƙasa ta zagaye, wadda kowace ƙungiya ke karawa da 'yar'uwarta gida da waje, Mighty Jets ta Jos ta fara cinyewa. A 1978 rabo ya faɗo Kano, ƙungiyar Raccah Rovers ta zama zakarar Nijeriya duka. A watan Afrilu na wannan shekara ƙungiyar Fluminense ta ƙasar Brazil ta kawo ziyara, aka haɗa ta da Raccah Rovers a filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna. Pele, wanda duniya ta sallama wa a wannan fage, ya riga ya yi ritaya, amma ya sa rigar baƙin ya shiga fili. Baƙi suka ci biyu, Raccah ta ci ɗaya. A 1979 kuma ta wakilci Nijeriya a gasar zakarun Afirka.

To, ina Raccah Rovers take yau? Bayan 'yan shekaru sunanta ya ɓace daga jerin manyan ƙungiyoyi. Ƙungiyar da ta tsaya gaban Pele, yanzu sai ka tambayi samari goma a bakin kasuwa kafin ka sami ɗaya da ya taɓa jin sunanta.

Haihuwar Pillars

Mutumin Haɗejia ya san kogin da ke ba shi kifi da shinkafa ba daga tushe ɗaya ya fito ba. Kogin Kano ne da na Challawa suka gamu kafin Wudil, sa'an nan suka gangaro da suna ɗaya. Haka Pillars take. A 1990, shekarar da aka soma gasar ƙwararru a Nijeriya, aka haɗa ƙungiyoyi uku: ta WRECA, watau hukumar ayyukan ruwa da madatsu ta Jihar Kano, da Kano Golden Stars, da ta Bankin Arewa. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, yana cikin waɗanda suka tsaya kan wannan aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haɗin ya yi albarka. Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, ta kuma ci sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Amma tsohon Kofin Gwamna, wanda aka yi ta sake wa suna, ya daɗe yana guje mata. A 2018 a Asaba tana gaba da ci uku ba ko ɗaya, Rangers ta Inugu ta farke duka, ta kuma ɗauke kofin a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Sai a 2019, a filin nan na Kaduna da Pele ya taka, ta doke Niger Tornadoes, kofin ya komo Kano bayan shekara 66. Duk da wannan, a 2022 ta faɗo daga rukunin manya, sai da ta shekara a ƙasa kafin ta hau.

Abin da ke kashe ƙungiya

Yanzu mu koma kan sunayen nan na wuraren aiki. Marine da Pan Bank da UAC, waɗanda suka riƙe kofi a Ikko, babu ɗayansu a fagen manya yau. Bankin Arewa kansa ya narke cikin bankin Unity a 2006. Dalili kuwa a fili yake. Ƙungiyar da ofis ya kafa, albashinta da motarta da takalmanta duk daga aljihu ɗaya suke fitowa. Ran da aka sake manaja, ko ciniki ya karye, ko hukuma ta juya baya, ran nan ƙungiya ta zama marainiya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. Can arewacin Turai akwai wata ƙaramar ƙasa, Latbiya, babban birninta Riga. A 1923 aka kafa ƙungiyar RFK a wannan birni, ta ci gasar ƙasarsu sau takwas. Da Tarayyar Sobiyet ta mamaye ƙasar a 1940, sababbin masu mulki suka rufe ta. Bayan ƙasar ta komo da 'yancinta a 1991, wata ƙungiya mai suna Skonto ta ci gasa sau 14 a jere, har zuwa 2004. Amma da kuɗi suka yanke, bashi ya danne ta, a 2016 ta watse. Ɗaya siyasa ta kashe ta, ɗaya rashin kuɗi, tarin kofuna bai ceci ko ɗaya ba.

Sa'an nan a dubi waɗanda suka yi tsawon rai. Al Ahly ta Alƙahira tun 1907 take. Hearts of Oak ta Ankara a ƙasar Gana tun 1911. Asante Kotoko ta Kumasi tun 1935. An sake gwamnatoci a kansu ba iyaka, suna nan, domin mutanen garuruwansu sun ɗauke su abin gado, uba ya bar wa ɗa, in ta shiga wahala jama'a su taru su tallafe ta.

Namu na gida

Da aka raba jiha muka sami tamu, Jigawa Golden Stars, wadda mazauninta ke Dutse. Akwai lokacin da ta riƙa karɓar baƙinta a filin wasa na Haɗejia, manyan ƙungiyoyin ƙasar nan suka zo har ƙofar gidanmu. Ta hau rukunin manya a 2019, ta sauko a 2021. Ita da Pillars duka gwamnatocin jihohinsu ne suka riƙe su, watau aljihu ɗaya ke nan, irin wanda muka ambata. Ba laifi ba ne gwamnati ta taimaki wasa, amma gwamna yakan zo ya tafi, wani mai son ƙwallo ne, wani hankalinsa na wani wuri.

Saboda haka muna da shawara biyu ga mutanen ƙasar Haɗejia. Ta farko, ƙananan ƙungiyoyin unguwanni da na garuruwa, a Haɗejia da Auyo da Guri da Kiri Kasamma da sauransu, a kafa su bisa karo-karon jama'a. Kowane mamba ya riƙa ba da ɗan abin da ya sawwaƙa a wata, a naɗa ma'aji, a ajiye littafin shiga da fita, a karanta shi a gaban kowa ƙarshen shekara. In mai hali ya ba da gudummawa a karɓa a gode, amma kada a bar masa ƙungiya ta zama tasa shi kaɗai.

Ta biyu, a rubuta. Akwai dattawa a cikinmu da suka buga ƙwallo ba takalmi tun muna Lardin Kano, sun san sunan ƙungiyar farko a garinsu, da wanda ya sayo mata ƙwallo, da filin da aka share mata. Malamin makaranta ko ɗalibi ya ɗauki takarda da alƙalami ya zauna da su, da boko ko da ajami, ya rubuta suna da shekara. Wanda ke da tsohon hoto a ƙasan adaka ya fito da shi a rubuta sunayen mutanen da ke ciki tun da sauran mai gane su. Da an yi wa 'yan 1953 haka a kowane gida, da ba a ba wata ƙungiya kofinsu ba.

Wanda ya sami irin wannan labari ya aiko mana, za mu buga shi a wannan fili da sunan garinsu. Mu kwana nan.