Hoton Gwaninka a Ƙirjinka

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

 Yau zancen tufafi za mu yi, amma ba shadda ba, ba atamfa ba. Rigar nan ce mai gajeren hannu, tishat, wadda masoyi kan sa a zana masa gwaninsa a kai, ɗan ƙwallo ne, mawaƙi ne, tauraron fim ne ko jarumin katun, a buga masa, ya sa ya shiga gari.

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan kallon ƙwallo ranar babban wasa ya san rigunan iri biyu ne. Akwai jesin ƙungiya, ta kamfani ko ta kwaikwayo, wadda kowa ke sa iri ɗaya. Akwai kuma wadda ba ka samunta a kasuwa sai a jikin mai ita, domin shi ya zauna ya ƙirƙiro ta, ko ya biya wani mai zane ya fitar masa da abin da ke ransa. Wannan ta biyun ita ce abin maganarmu: yadda ake tsara ta, yadda ake buga ta, da kuma inda take haɗa mutum da lauya.

(Kiɗa kaɗan)

Bari mu fara daga Kuba. Ranar 5 ga watan Maris na 1960, a birnin Habana, ana taron makokin waɗanda suka mutu a fashewar wani jirgin ruwa mai ɗauke da makamai, sai mai ɗaukar hoto Alberto Korda ya ɗauki hoton Che Guevara, ɗan juyin juya halin nan, yana tsaye da hularsa mai tauraro, ya zuba wa nesa ido. Hoton ya yi shekaru ba a damu da shi sosai ba. Bayan an kashe Guevara a Bolibiya a 1967, sai wani mai zane ɗan ƙasar Ayalan, Jim Fitzpatrick, wanda masoyinsa ne, ya sake fasalin hoton a 1968. Ya zubar da duk wata inuwa mai laushi, ya bar baƙi ƙirin a kan ja. Da gangan ya sake shi kyauta, don kowa ya kwafa.

To wannan zanen, ba ainihin hoton ba, shi ne ya mamaye rigunan duniya. Har a dilar gwanjo za ka ci karo da shi, a jikin yaron da bai san ko wane ne mutumin ba. Me ya sa? Siyasa na ciki, babu musu. Amma tambayi mai buga riga, zai gaya maka wani dalilin: zanen launi ɗaya yake buƙata. Ana gane shi daga tsallaken titi. Ko fentin ya ɗan zarce, fuskar na nan.

Nan ne matasanmu masu zane a waya da kwamfuta suka fi yin tuntuɓe. Mutum zai kwana yana ƙawata zane, launi goma sha, ga walƙiya, ga hayaƙi, ga ƙananan rubutu a gefe. A fuskar waya abin gwanin sha'awa. A kan yadi kuwa sai ya dagule, saboda waya da haske take nuna launi, yadi kuma tawada yake sha. Shuɗin nan mai ƙyalli da ka gani a allo ba lallai ya fito haka a auduga ba. Siririn layi yana ɓacewa, ƙaramin rubutu yana cushewa. Riga daga nesa ake karanta ta, kuma mai ita yana tafiya.

(Sautin shagon ɗab'i: ƙarar inji da jan roba a kan allo)

Mu shiga shago. Hanya mafi daɗewa ita ce ta allon raga, wadda masu sana'ar ke kira sikirin. Firam ne na katako ko ƙarfe, an ɗaure masa ƙyalle mai ƙananan ƙofofi tamau. A da na siliki ne, yanzu na roba ne. Ana shafe shi da wani sinadari mai jin haske, a bar shi ya bushe a cikin duhu. Sai a fitar da zanen da baƙar tawada a kan takarda mai garai-garai, a ɗora a kan allon, a haska masa fitila mai ƙarfi. Mu da Allah ya hore wa rana, wasu a tsakar gida ma suke shanya shi. Duk inda haske ya taɓa sai ya daskare. Inda baƙin zanen ya kare kuwa, da an watsa ruwa sai ya wanke, ƙofofin su buɗe. Kamar dai matar gida tana tace kamu da ƙyalle: abin da ƙofa ta bari ne kawai ke wucewa. A shimfiɗa riga a ƙasa, a zuba fenti, a ja shi da katako mai bakin roba. An gama ɗaya, a kawo ta gaba.

Sai dai kowane launi da nasa allon. Launi huɗu, allo huɗu, kuma dole kowanne ya sauka daidai inda ɗan'uwansa ya tsaya, in ba haka ba idon gwanin naka ya koma kan kumatu. Idan rigar baƙa ce, sai an fara shimfiɗa farin fenti a ƙasa kafin sauran launukan su fito. Shi ya sa za ka ji irin wannan ciniki a shago:

"Maigida, guda ɗaya nake so, launi biyar."

"Ɗan'uwa, guda ɗaya ba ta biyan wahalar allo. Ka haɗo abokanka ku yi hamsin, ko mu yi maka a inji."

Gaskiya ya faɗa. Wahalar sikirin a farko take. Da an haɗa allon, riga ta ɗari ta fi ta farko araha nesa ba kusa ba. Shi ya sa 'yan siyasa da kwamitin biki suka riƙe ta. Abin lura ɗaya: fentin roba da aka fi amfani da shi ba ya bushewa da iska kawai, sai an gasa shi da zafin da ya kai wajen digiri 160. Wanda ya yi ƙwauron zafi, ko wuta ta ɗauke masa ana tsakar aiki ya ce ai ya isa, wanki biyu zanen zai fara tsattsagewa.

Mai son guda ɗaya tak yana da wasu hanyoyin. Akwai ledar da inji ke yankawa a manna da zafi, irin wadda ake rubuta suna da lamba a bayan jesi. Ta dace da rubutu, ba ta dace da fuska ba. Akwai tawadar da zafi ke mayarwa tururi ta shige cikin zaren, ba ta ɓarewa ko kaɗan, amma sai a kan yadin roba mai haske. A kan baƙar auduga aikin banza ne. Akwai injin da ke fesa tawada kai tsaye a kan rigar. Sai kuma wadda ta yaɗu a 'yan shekarun nan, wadda ake kira DTF: a buga zanen a kan fim, a barbaɗa masa garin gam, a narkar, sannan a danne shi a kan riga da injin zafi. Tana karɓar kowane launi, tana kama kusan kowane yadi. Aibinta ɗaya, kuma a ƙasarmu ba ƙarami ba ne: idan zanen ya cika ƙirji, iska ba ta ratsa shi. Ka sa irin wannan a Sakkwato cikin watan Afrilu, za ka ba da labari. Mai wayo yana barin ƙofofi a zanensa, ya bar launin rigar ya yi masa rabin aikin.

Ga wasu ƙananan abubuwa biyu da ke ɓata aiki mai kyau. Na farko, tura zane ta WhatsApp a matsayin hoto. Manhajar tana matse shi ta rage masa inganci, in an faɗaɗa sai ya fito dishi-dishi. A tura shi a matsayin fayil. Na biyu kuwa namu ne mu kaɗai: haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutun ado da ke cikin kwamfuta ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Ka rubuta kirari mai daɗi, wajen bugawa harafin ya koma ɗan akwati, ko mai shago ya musanya shi da wanda ba shi da lanƙwasa bai gaya maka ba. Ka duba da idonka kafin a kunna inji, domin riga hamsin ba sa gogewa.

Akwai kuma abin da mai zane a Tokyo ba ya tunaninsa, amma na Zariya dole ya yi. Mutane da yawa a cikinmu ba sa son shiga masallaci da hoton mai rai a ƙirji, kuma malamai sun daɗe suna magana a kai. Wasu na ganin wannan takura ce ga sana'ar. Ni kuwa ina ganin ƙofa ce. Masoyin Kano Pillars ba ya buƙatar fuskar kowa. "Sai Masu Gida" kaɗai, in an rubuta shi da hannu mai kyau, ya isar da saƙo. Lambar ɗan wasa, shekarar da aka ci kofi, kirarin da 'yan kallo suka laƙaba wa wani, duk kayan aiki ne. Kuma irin wannan rigar ana sa ta tun safe har isha'i ba a cire ba.

(Kiɗa)

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Gwanin naka ne a zuci, amma sunansa da tambarinsa da hotonsa suna da masu su.

Magoya bayan Arsenal, ku matso kusa. Wani ɗan tireda mai suna Matthew Reed ya yi shekara wajen talatin yana sayar da kayan magoya baya a kusa da tsohon filin ƙungiyar, Highbury, a Landan. Har allo ya kafa yana sanar da cewa kayansa ba na ƙungiya ba ne. Arsenal ta kai shi ƙara. Hujjarsa ita ce mutane ba don sun zaci kayan kamfani ne suke saye ba, alamar ƙauna ce kawai. Magana ta kai har Kotun Tarayyar Turai a 2002, kuma a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ba Arsenal gaskiya. Ƙauna ba ta zama lasisi ba.

Mawaƙiya Rihanna ma ta yi nasara a kan kantin Topshop a 2013, kan wata riga mai hotonta. Abin mamakin, kantin ya sayi izini daga mai ɗaukar hoton. Amma kotu ta ce masu saye za su iya zaton ita ta amince da rigar, alhali ba ta amince ba. Ka ga ke nan a hoto ɗaya ana iya samun masu haƙƙi biyu. Shi kansa Korda, da ya yi shekara fiye da talatin yana kallon hotonsa na yawo bai ce uffan ba, a 2000 ya shigar da ƙara da aka sa shi a tallar giyar Smirnoff. Aka sasanta a kan dala 50,000, ya bayar da kuɗin ga harkar lafiya a Kuba.

Ba ko'ina ake zafafawa ba. A Japan akwai kasuwar Comiket da ake ci a Tokyo tun 1975, inda dubban masoya ke sayar da abin da suka zana daga jaruman katun na wasu, kamfanoni kuma galibi suna kau da kai. Amma kau da kai alfarma ce, ana iya janye ta kowace rana. A Nijeriya, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 tana kare zane da hoto. Gaskiya ne da wuya wani kamfanin Turai ya biyo ka Kantin Kwari saboda riga goma. Amma ranar da ka buɗe shago a intanet, ka shigo inda ake ganinka, kuma takarda ɗaya daga lauya ta isa a sauke maka kaya. Ko zanen hannunka ne, in jarumin na wani ne, sayarwa sai da izini. Idan kuwa gwanin naka ɗan gida ne, mawaƙi ko ɗan Kannywood, me zai hana ka nemi shi ko manajansa ku yi magana? Wataƙila ma shi zai fara tallata maka.

Dokar nan fa ba kan mai zane kawai take hawa ba, tana kuma tsaya masa. A ƙarshen 2019, masu zane a Twitter suka lura da wani abu: da zarar wani ya rubuta a ƙarƙashin zanensu cewa yana son wannan a riga, sai wasu manhajoji masu sintiri su kwashe zanen, cikin ɗan lokaci ya bayyana ana sayarwa a wani shafi. Sai suka haɗa baki suka ɗana tarko. Suka riƙa sa zanen da ke cewa wannan shafin ɓarawon zane ne, wasu har da Mickey Mouse a ciki don su jawo hankalin lauyoyin Disney, jama'a kuma suka yi ta rubuta kalmomin nan a ƙasa. Manhajojin ba su da ido. Suka kwasa, suka jera a kantunansu.

Namu ɓarawon ba ya buƙatar manhaja. Ka kai zanenka shago a buga maka ashirin, fayil ɗin ya kwana a kwamfutar mai shago, bayan sati biyu ka gan shi a jikin wanda ba ka taɓa sayar wa ba. Don haka tun kafin ka miƙa, ku yi magana a fili, in da hali a rubuce: guda nawa za a buga, wa ke da zanen, kuma in wani ya zo yana so, nawa ne rabonka. Ka sa hannunka a cikin zanen, a wurin da ba za a yanke shi ba sai an ɓata aikin.

(Kiɗan rufe shiri ya fara shigowa)

Nan za mu dakata, masu sauraro.