Iyakar Albashin Fansho a Nijar da Tsofaffin Adar

Asusun CNSS, wanda aka kafa a 1965 domin kula da ma'aikatan kamfanoni a Nijar, yana biyan masu ritaya ne da kuɗin da ake cirewa daga albashin waɗanda ke bakin aiki a yau, inda ma'aikaci ke ba da kashi 5.25 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara kashi 6.25. Sai dai lissafin yana da iyaka, wato adadin albashin da cirewar ke tsayawa a kansa, wanda yake sefa 500,000 a wata. Ke nan mai albashin sefa 500,000 da mai ɗaukar miliyan biyu duk sefa 26,250 suke bayarwa, alhali ga na biyun wannan bai kai kashi 1.5 cikin ɗari na samunsa ba.

Wannan bambanci, tare da ƙaruwar masu ritaya da tsawon shekarun da suke yi suna karɓa, shi ke sa ƙasashe ɗaga iyakar lokaci bayan lokaci. A Amurka ta kai dala 168,600 a shekarar 2024, kuma tun 1994 aka cire ta ɗungurungum daga harajin lafiyar tsofaffi. Amfanin ɗagawar yana zuwa nan take, domin kuɗi na shiga asusu ba tare da an taɓa mai ƙaramin albashi ba, amma bashin yana biyowa daga baya, tunda a kan albashin da aka cire wa kuɗi ake lissafa fansho, wanda ya ba da da yawa kuma zai karɓi da yawa. Idan kuwa aka raba biyan da karɓar, abin ya tashi daga ajiya ya koma haraji, a nan ne kamfanoni ke fara mayar da albashi alawus ko su ɓoye ma'aikata.

Babbar matsalar tana bayyana ne idan aka dubi Tamaske da sauran garuruwan Keita, Bouza da Madaoua a yankin Adar, inda masu hannu da shuni ba ma'aikatan banki ko na ma'adinan Arlit ba ne, fatake ne da dillalan albasa waɗanda arzikinsu ba ya bi ta takardar albashi, saboda haka cirewar ba ta isa gare su ko an ɗaga iyakar sau goma. Haka ma tsohon manomi, wanda bai taɓa yin rajista ba, ba shi da haƙƙin ko dala a asusun, abin da ƴaƴansa ƴan ci-rani ke aikowa daga Abidjan, Kano ko Libiya shi ne fanshonsa, kuma yana yankewa duk shekarar da hanya ta rufe.

Ɗaga iyakar gyara ne da ya dace tsakanin ma'aikatan da ke cikin asusun, amma tsofaffin Adar ba za su ga amfaninsa ba sai an buɗe wa manoma da ƴan kasuwa hanyar zuba kuɗi daidai da lokacin kaka da na ciniki.