Intanet a karkara: har yaushe za a daina hawa tudu neman rezo?

Duk wanda ya kwana a ƙauyukan jihar Maradi, Damagaram ko Tawa ya san wannan hali: da la'asar sai ka ga samari sun nufi kan tudu, kowa ya ɗaga salula sama yana jiran saƙon murya na WhatsApp daga ɗan'uwa da ke ci-rani a Libiya ko Aljeriya. A ƙauyukan bakin iyaka kamar yankin Ɗan Isa ko Magarya kuwa, da yawa layin Najeriya suke sawa domin shi ne ke kamawa.

Lamarin ya wuce hira. Manomin albasa na Galmi ko mai aya da riɗi, idan bai san kuɗin kasuwa ba, abin da dillali ya faɗa shi zai karɓa.

Idan muka duba baya, kamfanin Celtel ya shigo ƙasarmu a 2001, ya koma Zain, sannan Airtel a 2010. A 2016 gwamnati ta haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Telecoms, a 2019 kuma Zamani ta saye Orange Niger. Idan aka ƙara Moov Africa, kamfanoni huɗu ke nan. To mi ya hana su kai ko'ina?

Amsar ita ce lissafi. Nijar na da faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari na al'umma a karkara suke, a warwatse. Kafa dogon ƙarfe guda na cin kuɗi masu yawa, ga shi inda babu kuran dole a haɗa masa inji mai shan gazuwal ko panno na hasken rana, a biya mai gadi. Ɗan kasuwa kuwa ba ya zuba jari inda ba zai mayar ba. Ko inda ƙarfen yake, sau da yawa 2G ce, wadda ta isa kira amma ba ta jan hoto ko bidiyo.

Domin cike wannan giɓi ne Bankin Duniya ya amince a 2020 da dalar Amurka miliyan 100 ga shirin ƙauyuka masu basira, wanda aka ɗora wa hukumar ANSI jagorancinsa a lokacin. Bankin Raya Afirka shi ma ya tallafa wa shimfiɗa wayar fibar mai ratsa Sahara, sama da kilomita 1000 a cikin ƙasarmu. Sai dai fibar babbar hanya take bi, ƙauyen da ke nesa da kwalta sai an ja masa reshe.

Sabon abu shi ne Starlink, wanda ya sa hannu da hukumomi a watan Oktoba na 2024, ya fara aiki a watan Maris na 2025. Shi ba ya bukatar dogon ƙarfe: faifan yana magana kai tsaye da taurarin ɗan Adam da ke kewaya duniya a nisan kilomita 550. Amma yana son sarari ba inuwar itace ba, yana son wuta dare da rana, ruwan sama mai ƙarfi na rage masa gudu, kuma kuɗin kayan da na wata-wata sun fi ƙarfin talaka shi kaɗai.

Saboda haka shawararmu ga ƴan'uwa na karkara ita ce: kafin ku sayi layi ko bwat ɗin wifi, ku gwada kowane kamfani a cikin gidanku, safe da dare. Idan rezon na da rauni, eriya a kan dogon itace na taimakawa. Idan kuma faifan tauraro kuke so, ku haɗa kai a ƙungiyar manoma, ku tanadi panno da batir, ku kuma tuntuɓi hukumar ARCEP kafin ku fara sayar wa jama'a.

Ga magadan gari kuma, muna roƙon a fara da gidan likita da lakwal, domin nan ne kowa zai amfana. Mun ga yadda rijiyar gari ɗaya ke shayar da kowa idan an kula da ita. Allah ya sa masu iko su ji.