Harawa ta rago ce, ba ta alade ba

Yara, ku tsinke karan dawa ku duba cikinsa. Za ku ga zaruruwa masu tauri. Irin waɗannan zaruruwa suna cikin ciyawa, da harawa, da ƙaiƙayi, da dusa. Masana suna kiran babban sinadarin da ya haɗa su selulos. Su ne ke tsai da tsiro, iska ba ta kayar da shi.

Ba kowace dabba ke iya narkar da su ba.

Mu fara da rago. Rago, da akuya, da saniya dabbobi ne masu tuƙa. Cikinsu yana da ɗaki 4. Mafi girma shi ne tumbi. Tumbin babbar saniya yana iya ɗaukar lita 100. Cikin tumbi akwai ƙananan halittu birjik, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ne ke ruɓar da zaruruwan. Idan rago ya kwanta, sai ya maido abincin bakinsa, ya sake taunawa, ya haɗiye. Abin da halittun nan suka narkar yana ratsa jikin tumbi, ya shiga jini. Daga nan rago ke samun mafi yawan ƙarfinsa. Shi ya sa jar akuyar Maradi take ba da nono, alhali ganye da harawa take ci.

To, alade fa? Mu Musulmi ba mu cin namansa, amma ana kiwonsa da yawa a ƙasashe kamar Sin da Faransa. Ya kamata mu san shi, domin cikinsa ya yi kama da namu. Ɗaki guda gare shi, kuma ba ya tuƙa. Abinci yana fita daga ciki, ya bi ƙaramin hanji mai tsawon fiye da mita 15. A nan jiki ke tsotse amfanin hatsi. Amma zaruruwa suna wucewa kamar yadda suka shigo. Sai a babban hanji suke gamuwa da ƙananan halittu. Wurin ya yi kusa da mafita, saboda haka amfanin da ake samu kaɗan ne.

Idan aka cika wa ɗan alade dusa da ganye, cikinsa zai cika, amma ƙarfin da ya samu bai isa ba. Abincin kuma yana saurin fita, har da wani hatsin da bai gama narkewa ba. Sai girmansa ya yi jinkiri. Mai shi ya yi ta kashe kuɗi, nauyi bai ƙaru ba.

Wannan ba ya nufin a hana shi sam. Kaɗan yana da amfani. Yana motsa hanji, yana hana taurin kashi. Babbar alade ta fi ƙarami iya narkar da zaruruwa, don hanjinta ya fi girma. Idan tana da ciki, akan ƙara mata dusa, ta ƙoshi, ta natsu, kuma ƙiba ba ta yi mata yawa ba.

Kaza ma ba ta tuƙa, kuma hanjinta gajere ne. Ɗan tsakon da ake ba dusa zalla ba ya girma da wuri. Yana bukatar tsaki, da gara, da ɗan ƙuli-ƙuli.

Shi kuma rago, nasa haɗarin dabam ne. Wani yakan turke ragon layya, ya zuba masa hatsi tiya guda rana ɗaya, don ya yi ƙiba da sauri. Tumbin sai ya yi tsami, halittun da ke narkar da ciyawa su mutu. Ragon ya bar cin abinci, ya yi zawo, wani lokaci har ya mutu. Sai a fara ba shi harawar wake ko ta gujiya, a riƙa ƙara dusa da hatsi sannu sannu.

Kafin ku zuba wa dabba abinci, ku tuna irin cikin da take da shi.

Tambayoyi
1. Ɗaki nawa ke cikin rago? Na alade fa?
2. Wa ke narkar da zaruruwa cikin tumbi?
3. Don me ɗan tsako ba ya girma da dusa zalla?
4. Ku je wurin mahauci, ku roƙe shi ya nuna muku tumbin akuya. Ku zana abin da kuka gani.