Idan Faifan Kwamfuta Ya Lalace: Yadda Za Ku Ceci Bayananku, Ku Tsare Amanar Jama'a

A shekarun baya duk wanda yake son ganin kwamfuta sai ya tafi Dogon Dutsi ko Doso. Yau kuwa ta iso karkara. A gunduma irin ta Ɗan Kassari za a iya samunta a ofishin magajin gari, ko wurin malamin asibiti, ko hannun magatakardan ƙungiya. A cikinta ake rubuta sunayen ɗaliban yaƙi da jahilci, da lissafin asusun mata, da yawan buhunan geron da suka shiga bankin cimaka, da sunan wanda ya ci bashi da wanda ya biya.

To, a ce wata safiya magatakardarku ta kunna kwamfuta, sai fuskar ta tsaya baƙa ƙirin, daga ciki kuma ana jin ƙas, ƙas, ƙas. Ga shi gobe ne ranar rabon kuɗin asusu. Kwamfuta in ta mutu ana sayen wata, amma lissafin shekara uku ba a sayar da shi a kasuwa. Wannan darasi zai nuna muku abin da ke kawo irin wannan matsala, da abin da ya kamata ku yi, da wanda bai kamata ba.

Mene ne faifan ajiya?

A cikin kowace kwamfutar tafi-da-gidanka akwai wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba. Shi ne faifan ajiya, wanda masu gyara a Nijar suke kira dis-dur. Matsayinsa ga kwamfuta kamar matsayin rumbu ne ga gida: duk abin da kuka rubuta, da hotuna, da muryoyi, can suke kwana ko an kashe na'ura.

Faifan iri biyu ne. Tsohon iri yana ɗauke da ƴan faya-fayai masu sheƙi da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, wato sau 90 kafin ku ƙirga daƙiƙa guda. A samansu akwai wata ƴar allura mai karatu da rubutu. Ba ta taɓa faifan, tana shawagi ne a kansa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irin wannan faifai a 1956. Na farkon ya kai kusan tan guda a nauyi, amma abin da yake ɗauka bai fi hoto ɗaya ko biyu na wayar yau ba.

Sabon iri kuwa ana kiransa SSD. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, don haka ya fi jure girgiza. Sai dai shi ma yana mutuwa, kuma sau da yawa ba ya ko yin sallama.

Me ke lalata shi a ƙasarmu?

Na farko girgiza. Wanda ya ɗauki kwamfuta tana kunne ya hau babur da ita a hanyar burji, ko ya bari ta faɗo daga kan tebur, yana iya sa allurar nan ta daki faifai ta karce shi.

Na biyu zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafin Arewa yakan haura digiri 40. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ƙofofin da iska ke shiga, ta hana fankar ciki aikinta. In aka ɗora kwamfuta a kan katifa ko bargo, abin ya ƙara muni.

Na uku wuta. Idan batiri ya mutu, kwamfuta ta dogara ga wutar gari ko ta hasken rana kaɗai, duk lokacin da wutar ta yanke tana cikin rubutu, abin da take rubutawa yana iya gurɓacewa.

Na huɗu tsufa. Yawancin kwamfutocin da ke iso mana na hannu ne, faifansu ya riga ya yi shekaru yana aiki a wata ƙasa.

Alamun da za ku lura da su

Kwamfuta ta riƙa nawa fiye da yadda kuka saba. Takardar da kuka buɗe jiya ta ƙi buɗuwa yau, ko ta ɓace. Na'ura ta daskare ana cikin aiki, ko fuskarta ta koma shuɗiya ta sake tashi da kanta. Wani saƙo ya fito yana gargaɗi game da faifai, ko yana cewa ba a ga abin da za a tashi da shi ba. Mafi tsanani ita ce ƙara: ƙas-ƙas ko ƙugi irin na niƙa.

Abin da za ku yi

1. Ku fara tabbatarwa ko faifan ne. Ku duba caja da batiri. Ku cire duk wani kile da ke jone, ku sake kunnawa sau ɗaya. Wani lokaci kile da aka manta a jiki shi ne ke hana kwamfuta tashi.

2. Idan ta tashi, kada ku ce sai gobe. Nan take ku kwafe abin da ya fi muhimmanci zuwa kile: lissafin kuɗi da rajistar sunaye tukuna, hotuna da waƙoƙi daga baya.

3. Idan kuka ji ƙara, ku kashe ta. Kowace kunnawa tana ƙara karce faifan, kamar mai jan garma a kan shukar da ta riga ta tsiro.

4. Kada ku bubbuga ta, kada ku sa faifan a firiji kamar yadda wasu ke ba da shawara, kada kuma ku yarda a kwance murfin faifan. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ƙarasa shi.

5. Wurin mai gyara, maganarku ta farko ita ce: «Bayanan ciki muke so kafin komai.» Sau da yawa abin da mai gyara ya fi saurin yi shi ne ya wanke faifai ya zuba sabon Windows. Kwamfuta za ta tashi garau, amma lissafinku ya tafi. Ku nemi ya ciro faifan, ya jona shi da wata kwamfuta, ya gwada kwafe abin da ke ciki. In cutar a manhaja take, galibi ana dacewa. In kuwa allura ce ta karye, aikin ya fi ƙarfin shagon kasuwa, yana bukatar ɗaki na musamman marar ƙura da kuɗi masu yawa.

Amanar da ke cikin faifai

Akwai wata asara da ta fi ɓacewar lissafi ciwo, ita ce ya faɗa hannun da bai dace ba. Ku tuna abin da ke ciki: lambobin waya, hotunan katin ɗan ƙasa, sunan mai bashi, wataƙila har da ciwon da ya kai wani asibiti. Mutane sun ba ku waɗannan ne bisa amana. Macuci yana iya amfani da lambar waya da cikakken suna ya kira wata baiwar Allah, ya ce daga ƙungiya yake, ya raba ta da kuɗinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hukuma ma ta san da haka. A 2017 Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane, aka sabunta ta a 2022, aka kuma ɗora wa hukumar HAPDP alhakin lura da ita. Ma'anarta a taƙaice ita ce duk wanda ya tattara bayanan jama'a, wajibi ne ya tsare su.

Ga abubuwa uku da mutane da yawa ba su sani ba. Kalmar sirrin da kuke bugawa in kun kunna kwamfuta ƙofa kawai take kullewa; in an ciro faifai aka jona shi a wani wuri, ana karanta komai. Abin da ke hana haka shi ne kulle faifan kansa, kamar da tsarin BitLocker da ke cikin wasu nau'o'in Windows. Yana ba da mabuɗin ceto mai lambobi 48. Ku rubuta su a takarda ku adana, domin in suka ɓace, ku kanku kuna iya kasa sake shiga. Na biyu, goge takarda ba ya shafe ta nan da nan, mai sani yana iya dawo da ita. Na uku, faifan da ya mutu a wurinku yana iya yin magana a wurin wani.

Saboda haka ku kai gyara wurin wanda aka sani, mutum biyu daga cikin shugabanni su tafi tare, a yi kwafin a gabansu. In an sa sabon faifai, ku karɓo tsohon. In kun tabbata ba ku da sauran bukata da shi, ku naɗe shi a tsumma ku farfasa da guduma. Tsumman don kare ido ne, saboda wasu faya-fayan na gilashi ne.

Rigakafi ya fi magani

Manomin kirki ba ya zuba irin shukarsa duka a rumbu ɗaya, domin ya san akwai gobara, akwai gara. Haka za ku yi da bayanai. Ku mallaki kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a kile ko faifan waje, ɗaya kuma a wani gida daban, kamar wurin ma'aji, cikin akwati mai kwaɗo. Inda intanet ke kamawa, ana iya ajiye na ukun a Google Drive, wanda ke ba da giga 15 kyauta, amma da kalmar sirri mai ƙarfi. Kada ku mai da zauren WhatsApp ma'ajiyar sunaye da lissafi, idanu sun yi yawa a can.

Ku tsai da rana guda a mako don yin kwafi, misali bayan taron asusu. Sau ɗaya a wata ku buɗe kwafin ku gani ko yana karantuwa, domin kile ma yana mutuwa. Sannan kada ku yar da littafin takarda. Ku da kuka koyi karatu da rubutu, hannunku shi ne rumbu na ƙarshe: abin da kuka rubuta da biro ba ya jiran caji.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne bayanai na jama'a ne ke cikin kwamfutar ƙungiyarku ko wayarku?
2. In ta mutu yau da dare, a ina za ku sami kwafinsu gobe da safe?
3. Wa zai ɗauki nauyin yin kwafi kowane mako, kuma wace rana?